Dutsen Gwoza: Gonakin Da Kakanni Suka Gina

Yau za mu duba tarihin dutsen Gwoza, gama da yawa cikinku da ke zaune a Maiduguri, a nan Umarari da sauran unguwanni, can aka binne cibiyarku, amma 'ya'yanku ba su taɓa hawansa ba.

Daga Maiduguri, in ka bi ta Bama da Pulka, tafiyar kilomita kamar 135 za ta kai ka Gwoza. Dutsen reshe ne na duwatsun Mandara da suka miƙe a iyakar Nijeriya da Kamaru, tsayinsa kuwa ya kai wajen mita 1,300. A yamma fili ne har dajin Sambisa. A gabas, wato Bayan Dutse, akwai Ngoshe, Gava, Attagara, Ashigashiya da Kirawa, tsohon mazaunin sarakunan Mandara. Ƙasar ba faɗi, amma harsunanta da yawa: Glavda, Dghweɗe, Guduf, Lamang, Cinene, Mafa da Mandara.

Ƙaƙa mutum zai yi noma a gangaren da ruwan sama ke wanke ƙasarsa? Kakanni suka tsince duwatsu, suka jera su jinga bisa jinga kamar matakala, tun daga gindi har ƙoli. Kowace jinga tana riƙe ƙasa da ruwa. Bana a shuka dawa, baɗi gero da wake, don kada ƙasa ta gaji. Maigida yakan turke sa a ɗaki, a yanko masa ciyawa, a kwashe takinsa a kwando zuwa gona. Maƙera sukan tara baƙin yashin rafi, su narkar da shi ya zama ƙarfe, su ƙera fartanya. Rarar gyaɗa da riɗi da awaki kuwa a kai kasuwannin gindin dutse, a sayo gishiri da kanwa da tufafi.

Dutsen kuma mafaka ne, domin dokin mai farautar bayi ba ya iya hawansa. Har cikin ƙarni na 20 Hamman Yaji, hakimin Madagali, yana kai wa mutanen duwatsu hari, sai a 1927 Turawan Ingila suka kama shi. Dā ƙasar tana cikin Kamaru ta Jamus. Bayan yaƙin duniya na ɗaya Ingila ta riƙe ta amana, a ƙarƙashin Dikwa. A watan Fabrairu 1961 aka jefa ƙuri'a, mutanen Kamaru ta Arewa suka zaɓi Nijeriya. A 1976 Gwoza ta zama ɗaya daga ƙananan hukumomin Jihar Borno.

Bishara ta iso a shekarun 1950. Mishan na SUM suka buɗe asibiti a Gwoza, na Basel suka fara aiki a Gava a 1959. Daga wannan shuka ikilisiyoyin COCIN da EYN suka yaɗu a yankin. Makaranta da hanyar mota da kasuwa suka jawo mutane da yawa suka sauko fili, samari suna tafiya cin rani birane.

Sa'an nan wahalar da kuka sani ta zo. A watan Mayu 2014 'yan Boko Haram suka kashe Sarkin Gwoza, Idrissa Timta. A Yuni suka karkashe mutane a Attagara da Agapalawa, a Agusta suka ƙwace Gwoza, sai a Maris 2015 sojoji suka karɓo garin. An ƙone majami'u, Kirista da Musulmi duka suka yi gudu, waɗansu zuwa Minawao a Kamaru, waɗansu Maiduguri, Yola da Abuja. Dutsen da ya ɓoye kakanni ya zama maɓoyar masu bindiga.

'Yan'uwa, ga abin da nake so mu riƙe. Jinga ba a gina ta sau ɗaya a gama. Kowace shekara kafin damina manomi yakan mayar da dutsen da ya faɗi. In an bar ta shekara goma, ruwa zai kwashe ƙasar, iyakar gona ma ta ɓace. Tsofaffin da suka san iyakokin nan kuwa suna ƙarewa a baƙuwar ƙasa.

A Joshuwa sura 4, Ubangiji ya sa aka ɗauko duwatsu 12 daga Urdun aka kafa, domin in yara sun tambaya, iyaye su ba su labari. Namu duwatsun suna nesa, saboda haka bakinmu ne zai tsaya a madadinsu. Baba, zauna da ɗanka ya rubuta sunan ƙauyenku, da gonarku, da maƙwabtan iyaka, Kirista ne ko Musulmi. Mama, yi wa yara magana da harshenku a gida, ko da da Hausa muke sujada. Ranar komawa, wanda ya san iyakarsa ba zai yi rigima da ɗan'uwansa ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ta'azantar da masu makoki, ka ba ƙasar Gwoza salama, ka komar da mutanenka gonakinsu. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.