Yadda Liebig ya sa ɗalibi ya daina zama ɗan kallo

A shekarar 1824 aka naɗa wani saurayi ɗan shekara 21, Justus Liebig, farfesan ilimin sinadarai a jami'ar Giessen, wani ƙaramin gari a Jamus. Inda aka ba shi ya yi aiki tsohon ɗakin gadi ne na barikin soja. Da gawayi ake hura wuta, ba mafitar hayaƙi ta kirki, in wari ya turnuƙe sai a wangale tagogi ko da sanyi na ratsa ƙashi. Wasu kayan aikin ma da kuɗin aljihunsa ya saya.

A lokacin, a yawancin jami'o'in Turai malami ne ke haɗa sinadarai a gaban aji, ɗalibai na zaune suna kallo suna rubutu. Liebig kuwa ya je Faris, masanin sinadarai Gay-Lussac ya shigar da shi ɗakin bincikensa sun yi aiki tare, ya ɗanɗana abin da sa hannu ke koya wa mutum. Da ya samu nasa wurin sai ya buɗe ƙofa ga ɗalibai, waɗanda da farko galibinsu masu koyon haɗa magani ne.

Tsarinsa shi ne abin da ya fi burge ni, ni da nake duba furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe. Sabon shiga zai fara da gano abin da ke cikin sinadari, sannan ya koyi auna yawansa, sannan ya haɗa nasa, kuma manyan ɗalibai ne ke riƙe hannunsa, kamar yadda babban yaron maƙeri ke nuna wa ƙarami riƙon awartaki. In hannu ya faɗa, sai Liebig ya ba shi tambayar da shi kansa bai san amsarta ba. Kowace safiya ɗalibi zai faɗa masa abin da ya yi jiya da abin da yake ganin ya kamata ya yi yau, malam ya amince ko ya kawo gyara. A ganina wannan tambayar ta safe ita ce ƙashin bayan abin. Malamin da aka jibga wa ɗalibai rututu, yana ganinsu sau biyu a zango, ba zai iya yin ta ba, kome kyawun niyyarsa.

Akwai kuma wata 'yar na'ura da ya ƙirƙira a 1831, ana ce mata Kaliapparat. Ƙwallaye biyar ne na gilashi a haɗe, da ruwan sinadarin fotash a ciki. A ƙona abin da ake bincike, iskar kabon da ta fito ta bi ta cikin ruwan ya shanye ta, a ɗora gilashin a kan sikeli, nauyin da ya ƙaru ya nuna yawan kabon. Awon da a da sai gwani, yanzu ɗalibi mai natsuwa zai yi shi ya samu lissafin da za a dogara da shi. Ta haka aikin yara ya fara fitowa a mujallun kimiyya da sunayensu.

August Kekulé zanen gine-gine ya zo karantawa Giessen, laccar Liebig ta janye shi, shi ne daga baya ya bayyana siffar zoben benzin a 1865. Hofmann, wani ɗalibin Liebig, ya tafi Landan a 1845 da tsarin malaminsa, kuma ɗalibin Hofmann, William Perkin, yana ɗan shekara 18, ya zauna a gida lokacin hutu a 1856 yana neman haɗa kwinin, maganin zazzaɓi, sai ya ci karo da rini mai launin shunayya. Adolf Baeyer, wanda ya yi aiki ƙarƙashin Kekulé, ya haɗa shuni a ɗakin gwaji ba da ganyen baba ba, kamfanin BASF ya fitar da shi kasuwa a 1897. Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata ya san irin gogayyar da rinin kanti ya kawo wa masu karofi.

Aikin ya ci ƙarfin Liebig. Bayan shekara 28 na tsayuwa a kan ɗaruruwan ɗalibai daga Jamus da Ingila da Amurka, ya gaji. Da jami'ar Munich ta neme shi a 1852, ya karɓa ne bisa sharaɗin ba zai ƙara koyar da ɗalibai a ɗakin gwaji ba, kuma a can ya zauna har rasuwarsa a 1873.