Yadda kuɗin talabijin ya sauya gasar wasanni, daga Amurka zuwa Damare

A da maƙwabtaka ce ke haɗa jami'o'in Amurka a rukunin gasa ɗaya. A 1984 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana hukumar NCAA riƙe cinikin nuna ƙwallon jami'o'i ita kaɗai. Daga nan kowane rukuni ya shiga ciniki da gidajen talabijin da kansa, manyan jami'o'i kuma suka riƙa komawa inda kuɗi ya fi tsoka. A 2024 jami'o'i 10 cikin 12 suka fice daga rukunin Pac-12, wanda asalinsa ya faro tun 1915.

Haka aka yi a Ingila a 1992. Ƙungiyoyi 22 suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya, suka ƙulla yarjejeniyar talabijin ta fam miliyan 304.

Wannan Firimiyar ce muke biya mu kalla a gidajen kallo na Damare da Jimeta. Gasarmu ta gida kuwa, SuperSport ta daina nuna ta a 2017, sai a 2023 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da StarTimes. A tsakanin nan, a 2021, Adamawa United ta faɗo daga babbar gasar.

Gidan talabijin yawan 'yan kallo yake saye. Idan muka cika gidajen kallo muka bar Filin Ribadu fayau, wa zai zuba kuɗi a kan yaranmu?