Gidan Haya Na Intanet: Tarihin Rigimar 'Yan Haya Da Masu Gida Kan PHP



Duk wanda ya taɓa zaman haya a Romi ko Sabon Tasha ya san rigimar mita ɗaya. Ɗaki goma, layin wuta ɗaya. Wani ya sayo sabon firiji yana so a sauya wayoyin gidan, wani kuwa tsohuwar fankarsa na juyawa lafiya, ba ya son a taɓa komai. To haka hostin mai araha yake, wato masaukin haɗaka: kwamfuta ɗaya mai ƙarfi a Amurka ko Turai ko Legas, an yanka ta ɗaki-ɗaki an ba ɗaruruwan shafuka haya. Mu da muke gina wa makarantu da majami'u da shaguna shafi a kudancin kogin Kaduna, a irin wannan gida muka fara, da yawanmu kuma har yau muna ciki.

Yaren da ya mamaye gidan shi ne PHP. Rasmus Lerdorf ya fitar da shi a 1995, asalinsa ma don ya riƙa ganin masu leƙa shafinsa ne. Abin da ya sa masu gida suka ƙaunace shi: baƙo ya buɗe shafi, PHP ya farka ya yi aikinsa, ya koma barci, ba ya riƙe ƙwaƙwalwar na'ura. PHP 4 ya fito a watan Mayun 2000, shekara guda kafin GSM ta shigo Najeriya, lokacin da muke bin layi a kafe domin duba imel.

Rigimar farko ta taso ne da PHP 5, wanda aka saki ranar 13 ga Yulin 2004. Shekara uku bayan haka, akasarin kamfanonin hostin suna nan kan PHP 4. Masu gida suka ce ba za su sauya ba, tunda manhajojin 'yan haya da tsohon suke aiki. Masu rubuta manhaja kuma suka ce ba za su rubuta da sabon ba, tunda masu gida ba su sa shi ba. Kowa na jiran kowa. A watan Yulin 2007 ne wasu manyan manhajoji, ciki har da Drupal da phpMyAdmin da Symfony, suka haɗa kai a ƙarƙashin sunan GoPHP5, suka sa rana: daga 5 ga Fabrairun 2008, duk sabon abin da za su fitar sai da PHP 5.2 zuwa sama. A watan ne kuma masu kula da PHP suka sanar da cewa PHP 4 ya zo ƙarshe, gyaran tsaro kawai za a ci gaba da yi masa har 8 ga Agustan 2008. Sai da aka yi wannan taron dangi sannan masu gida suka motsa. WordPress dai bai shiga sahu ba, sai a 2011 ya rabu da PHP 4.

Sauran yaruka sun fi shan wahala. Ruby on Rails ya zo a 2004, Django a 2005, Node.js a 2009, kuma dukkansu suna son manhaja ta zauna a kunne dare da rana. A wajen mai gida wannan tamkar ɗan haya ne mai hita da ba ya kashewa. Shi ya sa amsar da aka daɗe ana ba mai tambaya ita ce ya je ya kama gidan kansa, wato VPS.

Mu a nan, rigimar ta iso mana ne a makare. Bayan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 sun sauka Legas, data ta fara sauƙi, matasa suka shiga koyo daga YouTube. A 2016 Sanusi Ismaila ya buɗe CoLab a Barnawa, nan kusa da mu, aka samu wurin haɗuwa. Sabbin masu koyon suka taso da Laravel, kuma Laravel ba ya jiran kowa: na 6 a 2019 ya nemi PHP 7.2, na 9 a 2022 ya nemi 8.0, na 11 a 2024 ya nemi 8.2. Yaro zai kwana uku yana gina manhaja a laftof ɗinsa, ya ɗora ta kan hostin da mai makaranta ya riga ya biya na shekara, ta ƙi tashi. Daga nan sai tura koke, sai jira.

Amma mu faɗi gaskiya, masu gida suna da hujjarsu, kuma mun gani da idonmu. PHP 7, wanda ya fito ranar 3 ga Disamban 2015, ya kusa ninka saurin na baya, sai dai ya cire tsohuwar hanyar magana da rumbun bayanai, wato umarnin da ke farawa da mysql_. Da wannan hanyar aka rubuta shafukan duba sakamako na ƙananan makarantu masu yawa, domin ita ce ke cikin tsofaffin darussan da aka kwafa. Akwai wata makarantar kuɗi a unguwarmu da kamfanin hostin ɗinta ya sabunta PHP ana saura kwana biyu a ba da hutu. Iyaye suka sayi katin duba sakamako, suka buɗe, sai farin shafi fetal. Wanda ya rubuta manhajar ya daɗe da komawa Abuja, lambarsa ba ta shiga. Mu aka kira.

Sulhun da aka samu daga baya na fasaha ne. CloudLinux da cPanel suka fito da tsarin da kowane ɗan haya zai zaɓi PHP ɗin da yake so, kamar a ce kowane ɗaki ya samu mitarsa. Wasu kamfanonin ma suka ƙara maɓallin Python da Node.js, ko da yake da iyaka.

Mai tambaya zai ce me ya hana mu tashi gaba ɗaya? Dala. A 2019 cPanel ya koma cajin lasisi bisa yawan asusu, farashi ya hau. A 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe ɗungurungum. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Mai shagon da ke biyan hostin da naira sau ɗaya a shekara ba zai saurari zancen VPS ba.

Abin da ke damunmu da sulhun nan shi ne ya ba kowa damar zama inda yake. Masu PHP sun daina yi wa 5.6 gyaran tsaro tun 31 ga Disamban 2018, amma yana nan a jerin zaɓi na kamfanoni da yawa. A kan irinsa ake ajiye sunayen yara da hotunansu da lambobin iyayensu, alhali tun Yunin 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a da ta ɗora alhakin tsaron bayanai a kan wanda ya tattara su.

Makarantar nan da muka ambata, a ranar muka mayar da ita kan 5.6, shafi ya dawo, iyaye suka duba sakamako. Muka ce wa mai makarantar, ranka ya daɗe, wannan faci ne, sai an sake rubuta manhajar. Ya tambayi kuɗin aikin, muka faɗa masa. Ya ce tunda tana aiki a bar ta zuwa zango mai zuwa. Da muka leƙa a watan jiya, tana nan kan 5.6.