Gwajin da Ya Manta da Nauyin Kaya

Mu da muka horar da sojojin ƙasa na Amurka mun san cewa abin da za a gwada soja a kai, shi yake dagewa ya koya. Shi ya sa nake ɗaukar tarihin gwajin ƙarfin jiki da muhimmanci.

A shekarun 1960 gwajin yana kama da filin daga: rarrafe da ciki, lilo a tsani da hannu, jifan gurneti, da gudun mil ɗaya cikin takalmin soja. A 1980 aka sauƙaƙa shi zuwa abu uku: danna ƙasa da hannu na minti biyu, tashi zaune daga kwance na minti biyu, sai gudun mil biyu. Ba ya buƙatar kayan aiki, ko'ina ana iya yin sa, kuma wannan sauƙin ne ya sa ya kai kusan shekara 40.

Yaƙin Iraƙi da na Afganistan ne suka tona asirinsa. Siririn yaro mai gudu kamar barewa yakan cinye maki, amma a ɗora masa sulke da harsasai da ruwa da rediyo ya hau dutse, sai gwiwa da baya su gaza. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, gwajin bai taɓa tambayar ko soja zai iya jan ɗan'uwansa da aka harba zuwa mafaka ba.

Sabon gwajin, ACFT, ya shigo a 2020. An kawo ɗaga ƙarfe daga ƙasa, da jifan ƙwallo mai nauyi ta baya, da wanda na fi so: soja ya sheƙa, ya ja kaya mai kilo 41, ya ɗauki ƙarafa biyu masu kilo 18 kowanne. Ko'ina aka yi ta ƙorafi. Binciken cibiyar RAND ya nuna mata da masu shekaru sun fi faɗuwa, don haka a 2022 aka dawo da maki bisa jinsi da shekaru. A 2025 kuma aka cire jifan ƙwallon.

Ban yi kewar ƙwallon ba, domin dabara ta fi ƙarfi yawa a cikinsa. Amma jan kayan nan, kada kowa ya taɓa shi. Shi ne ya fi kusa da aikin da soja zai yi ranar da abokinsa ya faɗi.