Ɗan Zamfara da Gurbin Jami'a: Daga 1962 Zuwa Yau

Ƙanina da ke Tsafe ya tambaye ni: "Yaya, da maki 220 a JAMB zan samu likitanci a ABU?" Na ce tsaya, mu waiwayi baya.

Da aka buɗe ABU a 1962, kowace jami'a ita ke tantance ɗalibanta. A 1978 aka kafa JAMB. Daga baya gwamnati ta raba gurabe: kashi 45 na masu maki mafi yawa, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka bari baya a boko. Zamfara na cikinsu.

Amma fa kason ba sadaka ba ne. A likitanci, sai da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. A 2021 kuwa, satar ɗalibai ta sa aka rufe makarantun jihar. Yaron Bungudu yana gida, abokin takararsa yana aji.

Na ce masa, 220 da wuya ta kai ka likitanci. Ko ka sake zama baɗi, ko ka canza kwas. Jami'ar Tarayya ta Gusau ma tana nan tun 2013. Ku, wanne za ku zaɓa masa?