FAS KO MARAKISH: WANNE YA KAMATA ƊALIBI YA FARA ZIYARTA?

  

Ya 'yan'uwana matasa, duk wanda Allah Ya hore wa ɗan guzuri da hutun mako guda, ya kuma yi sha'awar ganin tarihin Musulunci da idonsa, sau da yawa ƙasar Maroko ce take fara faɗo masa a rai. Ba abin mamaki ba ne, domin kuwa mazhabarsu ta Malikiyya ita ce tamu, ruwayar Warshu da suke karatu da ita ita ce ta tsangayunmu, rubutun allonmu ma jikan rubutunsu ne. To amma da zarar an zo maganar inda za a sauka, sai birane biyu su tsaya a gaban mutum: Fas da Marakish. Tsakaninsu akwai tafiyar awa shida zuwa bakwai a jirgin ƙasa, kuma wanda ya raba mako guda tsakaninsu zai dawo gida da hotuna masu yawa da fahimta kaɗan. Saboda haka dole a zaɓi ɗaya.

LOKACIN DA BAƘI SUKA JANYE

'Yan yawon buɗe ido sun fi cika biranen nan daga Maris zuwa Mayu, sai kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. A waɗannan watanni masauki yakan yi tsada, lunguna su cushe. Kasuwar baƙi tana faɗuwa ne sau biyu: a Yuli da Agusta, lokacin da zafin Marakish yakan haura digiri 40, da kuma Janairu zuwa Fabrairu, bayan hayaniyar sabuwar shekara ta lafa. Na biyun ya fi dacewa da ɗalibi. Sai dai a sani cewa sanyinsu ya fi hunturunmu cizo. A Fas ana samun ruwan sama, tsofaffin gidajen kuma sukan riƙe sanyi har cikin bargo. A Marakish rana tana da daɗi, dare yana da sanyi, ana kuma hango ƙanƙara a kan duwatsun Atlas. Idan yanayi kaɗai za a duba, Marakish ce ta yi nasara. To amma mu ba shan hantsi ne zai kai mu ba, don haka sai mu tambayi tarihi.

FAS, GARIN DA WAƘAFI YA GINA

A shekara ta 786 aka yi yaƙin Fakhkh a kusa da Makka, inda Abbasiyawa suka murƙushe wasu daga cikin jikokin Sayyidina Hasan (RA). Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, Idris ɗan Abdullahi, ya gudu zuwa yammacin ƙarshe na duniyar Musulmi, inda ƙabilun Barbar suka karɓe shi suka yi masa mubaya'a. Shi ya aza harsashin Fas a 789, ɗansa Idris na Biyu ya gina wani gari a ɗaya gaɓar kogin wajen 809. Daga nan masu gudun hijira suka kwararo: mutanen Ƙurɗuba da aka kora bayan tawayen 818 suka zauna a gaɓa ɗaya, mutanen Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya suka zauna a ɗayar. Har yau ana kiran unguwannin biyu da sunayen waɗannan baƙi.

A cikin mutanen Ƙairawan ɗin akwai wata baiwar Allah, Faɗima al-Fihriyya. Masanin tarihi Ibnu Abi Zar'i, mai littafin Raudul Ƙirɗas, ya ba da labarin cewa ta gaji dukiya, ta kuma zuba ta wajen gina masallacin Ƙarawiyyin a 859, wato shekara ta 245 bayan Hijira, yayin da 'yar'uwarta Maryam ta gina masallacin Andalus a ɗaya gaɓar. Sarakuna sun yi ta faɗaɗa Ƙarawiyyin daga baya, amma asalinsa sadakar mace ɗaya ce, kuma yau fiye da shekara 1,100 ke nan ana salla a cikinsa.

Zamanin sarakunan Banu Marin ne Fas ta kai ƙololuwa. Sun gina makarantun kwana domin ɗaliban da suka zo daga ƙauyuka, irin su Aɗɗarin da aka fara a 1323, da Bu Inaniyya da aka kammala wajen 1355. Ɗakin ɗalibi da abincinsa da albashin malaminsa suna fitowa ne daga kuɗin hayar shaguna da gidajen wanka da aka yi waƙafinsu. Sarki Abu Inan ya kafa ɗakin karatun Ƙarawiyyin a 1349, kuma a can ne Ibnu Khaldun, wanda ya yi aiki a fadar Fas, ya aika da kwafin littafinsa na tarihi a matsayin waƙafi a 1396.

Ɗalibin da ya tashi a ƙasar Hausa yana da dangi a Fas ko bai sani ba. Duk shekarar da na buɗe wa ɗalibaina Ajuruma, nakan gaya musu cewa mawallafinta, Ibnu Ajurrum, mutumin Fas ne, a can ya rasu a 1323. Ibnu Ashir, wanda ake haddace baitocinsa na fiƙihu, shi ma a can ya rasu a 1631. A can aka binne Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, mai Ahkamul Ƙur'an, a 1148. A can Hasan al-Wazzan ya yi karatu, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, kuma littafinsa da aka buga a 1550 ya kawo bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. A can kuma Shehu Ahmadu Tijjani ya zauna daga 1798 har rasuwarsa a 1815, shi ya sa ba a rasa 'yan Afirka ta Yamma a lungun zawiyarsa.

MARAKISH, GARIN DA TAKOBI YA GINA

Abin sha'awa shi ne, irin da ya tsiro ya zama Marakish wani malamin Fas ne ya shuka shi. Wani shugaban ƙabilar Sanhaja ta cikin Sahara, Yahaya ɗan Ibrahim, yana dawowa daga Hajji ya tsaya a Ƙairawan wurin Abu Imran al-Fasi, ya koka masa da jahilcin mutanensa. Abu Imran ya tura shi wurin wani almajirinsa, shi kuma ya haɗa shi da Abdullahi ɗan Yasin. Da'awar wannan malami ce ta haifi daular Murabiɗai, waɗanda suka kafa Marakish wajen 1070. Sarkinsu Yusuf ɗan Tashfin ya haɗe garuruwan Fas guda biyu suka zama ɗaya, ya kuma haye teku ya ceci Musulmin Andalus a yaƙin Zallaƙa a 1086.

To amma mai karatu, je ka Marakish ka nemi gine-ginen Murabiɗai. Abin da ya rage tsaye cikakke wata 'yar ƙubba ce ta wurin alwala. A 1147 Muwahhidai suka ci garin, suka rusa masallatan waɗanda suka gabace su, suka gina nasu, wato Kutubiyya, mai hasumiyar da tsayinta ya kai kimanin mita 77. Su ma Banu Marin suka karɓe garin daga hannunsu a 1269, suka bar shi ya dushe, suka riƙi Fas a matsayin fadarsu.

A ƙarni na 16 Sa'adiyawa suka farfaɗo da Marakish, kuma a nan ne tarihinta ya taɓa mu kai tsaye. Sarki Ahmad al-Mansur, wanda ya hau mulki a 1578, ya fara gina fadar Badi'i da marmarar Italiya da ado na zinariya. Kwaɗayin zinariya da gishirin Sahara ya sa ya tura runduna mai bindigogi ƙarƙashin Judar Basha, ta ƙetare hamada, ta karya Askiya Ishaƙ na Biyu a Tondibi a 1591. Da haka daular Songhai, daular Musulmi, ta faɗi a hannun Musulmi. A 1593 aka kama malaman Tumbuktu, aka kai su Marakish a 1594. A cikinsu akwai Ahmad Baba, wanda aka wawashe ɗakin karatunsa mai littattafai 1,600. Bayan an fito da shi daga kurkuku an hana shi barin garin, sai ya zauna yana karantarwa, manyan malamai da alƙalai suna ɗaukar karatu a gabansa. A wannan zaman ne ya rubuta Nailul Ibtihaj, tarihin malaman Malikiyya. Sai bayan rasuwar al-Mansur aka bar shi ya koma gida, wajen 1608. A 1615 ya rubuta Mi'irajus Su'ud, inda ya lissafa mutanen Kano da Katsina da Borno cikin Musulmin da bai halatta a bautar da su ba, ya kuma tabbatar da cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce.

Ita kuwa fadar Badi'i, kimanin ƙarni guda bayan gina ta Sarki Isma'il ya sa aka kwashe marmararta da adonta zuwa Maknas. Yau kango ce, shamuwa tana sheƙa a kan bangonta.

Ahmad Baba ba shi ne malami na farko da aka kai Marakish ba da son ransa ba. Alƙali Iyad, mai Ashafa da muke karantawa a masallatanmu, ya jagoranci mutanen Sabta wajen tirje wa Muwahhidai, aka raba shi da garinsu, ya rasu a Marakish a 1149. Ibnu Rushd, mai Bidayatul Mujtahid, shi ma a can ya cika a 1198, jim kaɗan bayan sarki ya yi fushi da shi sa'annan ya yafe masa. Dubi ikon Allah: daulolin da suka wulaƙanta su sun shuɗe, littattafansu kuwa suna nan a jakar ɗalibi a Kano da Damagaram da Kumasi.

TO WANNE ZA A ZAƁA?

A ganina, ɗalibi ya fara da Fas, kuma dalilaina uku ne.

Na farko, tsohuwar Fas ba kufai ba ce. Mota ba ta shiga yawancin lungunanta, jakuna da alfadarai da amalanke ne suke ɗaukar kaya, majema da maƙera da masaƙa suna aiki a unguwanninsu. A lokacin cunkoso baƙo ba ya ganin komai sai ƙeyar wanda ke gabansa. A Janairu kuwa garin yakan koma hannun masu shi, sai mutum ya ga yadda aka tsara birnin Musulmi: masallaci a tsakiya, makaranta a gefensa, kasuwa tana ciyar da su duka.

Na biyu, a Maroko wanda ba Musulmi ba ba ya shiga mafi yawan masallatai. Baturen da ya zo Fas yana leƙen Ƙarawiyyin ne daga bakin ƙofa, kai kuwa za ka yi alwala ka shiga sahu. Kana iya zama bayan sallar Asuba ko Magariba ka saurari karatun hizbi na jam'i da ruwayar Warshu, wanda aka saba yi a masallatan ƙasar. Wannan alfarma ba ta buƙatar ko sisi.

Na uku, darasin Fas shi ne wanda matashi yake iya aiki da shi tun yau. Kaɗan ne daga cikinmu za su riƙe mulki, amma kowa yana iya sayen littafi ya ajiye a masallacin unguwa, ko ya biya wa maraya kuɗin Islamiyya. Makarantunmu da yawa suna mutuwa da mutuwar wanda ya kafa su, saboda ba a yi musu waƙafin da zai ciyar da su ba. Wanda ya ga Fas da idon basira zai dawo yana tunanin shago guda da za a tsayar domin albashin malamai.

Wannan ba ya nufin a raina Marakish. Tana da makarantar Bin Yusuf da aka sake ginawa a 1565, tana da ƙaburburan Imam Suhaili mai Raudul Unuf da Imam Jazuli mai Dala'ilul Khairat. Wanda sanyi yake cutar da shi, ko wanda zai tafi da iyaye tsofaffi da ba za su iya hawa da gangarar Fas ba, Marakish ta fi masa sauƙi domin shimfiɗaɗɗiya ce. Mutanen yankin kuma sun cancanci tausayinmu da addu'armu, domin girgizar ƙasar da ta auku ranar 8 ga Satumba, 2023 a duwatsun da ke kudu da garin ta hallaka kusan mutum 3,000. Amma Marakish tana buƙatar shiri. Dandalin Jami'ul Fana da makaɗansa da masu wasa da macizai suna iya cinye makon mutum gaba ɗaya. Wanda zai je, ya fara karanta tarihin faɗuwar Songhai, sa'annan ya tsaya a kangon Badi'i ya yi wa kansa wa'azi.

NASIHA KAFIN A ƊAURE KAYA

Wanda Hajji ya wajaba a kansa bai sauke ba, to Makka ce a gabansa, ba Fas ko Marakish ba. Wanda ake binsa bashi ya fara biya. Wannan tafiya ta neman ilimi ce da lura da ƙarshen waɗanda suka gabace mu, kamar yadda Alƙur'ani ya kwaɗaitar a wurare da dama, don haka a gyara niyya. Idan an je maƙabarta a yi sallama, a roƙa wa mamata gafara, a tuna da lahira, a kuma guji jayayya da mutanen gari a kan abin da malamai suka yi saɓani a kai, domin baƙo da ladabi aka san shi. Kuma a tafi da littafi guda na ɗaya daga cikin malaman garin, a karanta shi a inda mai shi ya rayu.

Allah Ya jiƙan malamanmu na da da na yanzu, Ya amfanar da mu da iliminsu, Ya sa mu bar abin da zai amfani na baya.