Kaburbura Biyu na Daniyel Boone

A ƙasar Amurka akwai kaburbura biyu, ɗaya a jihar Misuri, ɗaya a jihar Kentaki. Mutanen kowane wuri suna cewa a nasu ne Daniyel Boone yake kwance. Kafin mu kai ga kabari, bari mu fara da gidan da ya fito.

Kakansa, George Boone, masaƙi ne a Ingila. Yana cikin jama'ar Kirista da ake kira Kuweka, su kuwa suna kiran kansu Abokai. Ba su rantsuwa, ba su ɗaukar makami. A 1717 ya ƙaura zuwa Fensilfaniya, inda ɗansa Squire ya riga shi zuwa. A can aka haifi Daniyel a 1734, shi ne na shida cikin 'ya'ya 11 na Squire.

Rikicin gidan daga wajen aure ya taso. A 1742 babbar 'yar gidan ta auri wanda ba ɗan jama'ar ba, uban ya tsaya gaban taro ya nemi gafara. A 1747 babban ɗan ma ya yi haka. Wannan karon Squire ya ƙi ba da haƙuri, sai aka fitar da shi. A 1750 ya kwashe iyalinsa suka nufi kudu, daga baya suka zauna a bakin daji a Karolina ta Arewa. Daniyel bai ƙara shiga wata ikkilisiya ba har mutuwarsa, ko da yake bai daina kiran kansa Kirista ba. A ganina dattawan nan sun tsare dokarsu, amma sun yi asarar gida guda.

Yaron da ya tashi cikin masu ƙin yaƙi ya zama maharbi. A 1755 ya bi rundunar Janar Braddock yana korar keken doki, aka ci su da yaƙi, da kyar ya tsira. A 1756 ya auri Rebeka Bryan, suka haifi 'ya'ya 10.

Ƙasar Kentaki da ya sa wa ido ba kango ba ce. Wurin farautar Shawni da Ceroki ne, mutanen ƙasar na asali, ba su kuwa yarda a ƙwace musu ba. A 1773, a yunƙurinsa na fari na kai iyali can, aka kashe ɗan farinsa James a hanya. Duk da haka a 1775 ya sare hanya cikin daji, ya kafa sansanin Boonesborough. A shekarar ce yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke, manomi ya zama soja. Shawni suka kama shi a 1778, sarkinsu Blackfish ya mai da shi ɗa. Bayan watanni ya gudu don ya gargaɗi mutanensa. Sakayyar da ya samu ita ce zargin cin amana, amma kotun soja ta wanke shi. A 1780 aka kashe ƙanensa Edward. Ran 19 ga Agusta, 1782, a yaƙin Blue Licks, ya ba da shawara a jira taimako, ba a ji ba. Kimanin mutum 70 suka mutu, har da ɗansa Isra'ila.

Ƙasar da ta ci 'ya'yansa biyu ba ta zauna a hannunsa ba. Shari'u da bashi suka cinye ta, don bai iya sha'anin takardu ba. A 1799 ya ƙaura zuwa Misuri, wadda take hannun Sifen a lokacin. Rebeka ta rasu a 1813. Shi kuma ya rasu ran 26 ga Satumba, 1820, a gidan ɗansa Natan, aka binne shi kusa da matarsa a wata ƙaramar maƙabarta a bakin rafin Tuque.

Bayan shekara 25 sai ga mutanen Kentaki sun zo neman ƙasusuwansa. Sun buɗe sabuwar maƙabarta a Frankfort, babban birnin jihar, suna so a sa shahararren mutum a ciki. A 1845 aka tone kaburburan, aka kai abin da aka samu Frankfort, aka binne da babban biki.

A Misuri kuwa wani labari ya bazu, cewa ba kabarin Daniyel aka tone ba. Kabarin ya yi shekaru ba dutsen shaida. Ana cewa dangi sun san an yi kuskure, suka yi shiru don haushi. Ba wata takarda ta zamanin da ta tabbatar da haka. Amma kafin a sake binnewa an yi wa ƙoƙon kan siffa da farar ƙasa. A 1983 wani masanin ƙasusuwa, David Wolf, ya duba siffar, ya ce mai yiwuwa kan baƙin mutum ne, ko da yake siffar ba ta da kyan da za a yanke hukunci da ita. An binne bayi a maƙabartar Tuque, Boone kansa ma ya mallaki bayi. Idan zaton nan daidai ne, wani bawa da ba a san sunansa ba ne yake kwance ƙarƙashin dogon dutsen nan na Frankfort, kusa da Rebeka.